Sharhi kan tmux bayan wata takwas ina aiki da shi

Ni ne nake kula da sabar wani ɗan kasuwar hatsi da ke Mile 12 a Legas, sabar kuwa, wato kwamfutar da ke ajiye bayanansa, tana Jamus, kuma ina shiga cikinta ne ta hanyar SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga ɗakina a Agege. Wani dare na fara kwashe bayanan cinikinsa zuwa sabuwar saba, aikin da zai ci kimanin awa uku, yana cikin tafiya aka ɗauke wuta, kafin in tayar da janareta tuni layin ya yanke. Da na sake shiga sai na tarar aikin ya mutu a tsakiya, kuma da sassafe Alhaji zai buƙaci lissafinsa. Abin da ke jawo haka shi ne, idan layin SSH ya katse, ana aika wa shirye-shiryen da ke gudana a ƙarƙashinsa wata sigina mai suna SIGHUP, yawancinsu kuma da zarar ta iso su sai su tsaya.

Da farko na gwada nohup, wanda yake sa shiri ya yi kunnen uwar shegu da wannan sigina, yana zuba sakamako cikin fayil ɗin nohup.out. Ya biya buƙata, sai dai idan aikin ya tsaya yana tambayata wani abu, ba ni da hanyar amsa masa. Wannan ya kai ni ga tmux, shirin da ke riƙe aiki yana gudana a kan saba ko da layi ya yanke, wanda Nicholas Marriott ya fara fitarwa a 2007. Yanzu kafin in taɓa duk wani dogon aiki sai na rubuta tmux new -s kwafi, in fara aikin a ciki, in danna Ctrl da b, sannan d, domin in fita in bar aikin yana gudana, in rufe kwamfuta in tafi sallar isha'i. Idan na dawo na rubuta tmux attach -t kwafi, allon yakan dawo daidai inda aikin ya kai, layukan suna ci gaba da sauka kamar ban taɓa tashi ba. Har a waya na taɓa duba shi ina cikin cunkoson motoci a Oshodi.

Akwai abin da ya ba ni wahala. Komawa sama don karanta abin da ya wuce ba ya yiwuwa kai tsaye, sai an danna Ctrl da b sannan [, ko kuma a saka set -g mouse on cikin fayil ɗin .tmux.conf. Wanda ya saba da GNU Screen, wani shiri irin tmux da ke nan tun 1987, zai ɗan sha ruɗani, domin shi Ctrl da a yake amfani da su.

Abu mafi muhimmanci shi ne tmux yana kare aiki daga yankewar layi ne kawai. Ranar da aka sake kunna sabar bayan sabunta manhajoji, duk abin da na bari a ciki ya tafi, don haka shirin da ke tura wa Alhaji rahoton ciniki kullum na mayar da shi ƙarƙashin systemd, shirin da ke kula da ayyukan sabar, wanda yake tayar da shi da kansa idan an sake kunna ta.