Asibitin kyauta a Turai: daga ina kuɗin ke fitowa?

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Ana yawan tambayar mazauna Turai ko da gaske asibiti kyauta ne. Gaskiya a wasu ƙasashen babu mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, amma kuɗin ta wata kafa yake fita. Ingila da Jamus sun isa misali, don kowace da tata hanyar.

Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, an kafa ta a 1948, kuma da haraji take tafiya. Ganin likita, tiyata, haihuwa, ko sisi ba a biya. Magani ne ake biyan fam 9.90 kan kowane iri da likita ya rubuta, ban da yara, masu juna biyu da waɗanda suka kai shekara 60. Baƙo yana da nasa kason: galibin masu bizar zama suna biyan fam 1,035 na kowace shekara, a dunƙule, tun wajen neman biza. Bizar shekara uku fam 3,105 ke nan a kan mutum ɗaya, tun bai sauka daga jirgi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne layi. Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa in aka cire farashi daga abin da bai wadata ba, jira ne ke maye gurbinsa. Ba a ganin ƙwararren likita sai likitan unguwa, wanda suke kira GP, ya tura mutum. A ƙa'ida bai kamata a wuce mako 18 ba a fara yi wa mutum magani ba, amma a 2023 jerin masu jira ya haura miliyan 7 da rabi. Mai hali sai ya tafi asibitin kuɗi. Lebura mai ciwon gwiwa kuwa yana gida yana jira, albashin da ya rasa bai shiga lissafin kowa ba.

Jamus inshora ta tilasta wa kowa, tsarin da ya samo asali tun 1883. Ana cire kashi 14.6 cikin ɗari na albashi, da ƙarin da ya kai kusan 2.5 a 2025, ma'aikaci da mai ba shi aiki su raba biyu. A lissafin 2025, mai albashin yuro 3,000 zai ga an zaftare masa kusan yuro 256 duk wata, a rubuce a takardar albashinsa. Akwai zafi, amma matar da ba ta aiki da 'ya'ya duk suna ciki ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Kwanciya a asibiti yuro 10 ne a rana, kuma in an cika kwana 28 a shekara an daina biya. Gadajen asibiti, in aka auna da yawan jama'a, sun ninka na Birtaniya kusan sau uku, shi ya sa layin tiyata bai kai na can tsawo ba. Aibinsa dai a fili yake: kusan mutum ɗaya cikin goma yana da inshora mai zaman kanta, kuma shi likita ke fara gani, saboda ta fi biya.

Masu cewa a ɗora ɗan kuɗi don a rage zuwa asibiti ba gaira ba dalili, Jamus ta riga ta gwada. A 2004 ta sa yuro 10 duk wata uku a kan mai zuwa ganin likita. Cunkoson bai ragu yadda aka zata ba, marasa galihu ne suka fi jinkirta zuwa, ma'aikatan likitoci kuma suka koma karɓar kuɗi da yanka rasit. Daga farkon 2013 aka soke shi.