Katakon roba a bayan gidanmu a Kumasi: gara ta haƙura, amma zafin rana sai da rumfa

Katakon nan na roba da ake ta shimfiɗawa yanzu a baranda da otal-otal, wanda masu sayarwa ke ce wa WPC ko kompozit, mun sa shi a bayan gidanmu na Kenyasi, ya sha damina ya sha ƙurar hunturu ya sha zafin Maris, don haka yanzu ina da bakin magana a kansa. Kaya ne mai kyau wallahi, gara ba ta taɓa shi ba, ruwa bai ruɓar da shi ba, amma duk wanda ya ce maka ka shimfiɗa shi a fili babu inuwa to bai yi maka adalci ba, balle mu da ba ma hawa wurin zama da takalmi, a nan muke zama a nan muke sallah a nan yara ke rarrafe.

Dalilin da ya sa muka nemi katako tun farko shi ne bayan gidan gangare ne, in aka yi ruwan nan na Kumasi daga Afrilu zuwa Yuli, sannan ya sake dawowa Satumba da Oktoba, sai ruwa ya kwanta siminti ya yi gansakuka ya yi santsi, ga Hajiyarmu da ciwon gwiwa kuma can take son zama da yamma. Da can wani kafinta ya yi mana dandamali da katakon nan mai laushi da ake ce wa wawa, an shafe shi da baƙin mai an shafa maganin gara Solignum, duk da haka gara ta shige shi ta ƙasa, sama lafiya lau amma in ka danna da yatsa sai ya burma. Na je Sokoban inda aka mayar da 'yan katakon Anloga na tambayi katakon nan mai ƙarfi da ake ce wa odum, odum na gaske busasshe ya yi wuya kuma kuɗinsa ba wasa ba, katakon dahoma ya fi sauƙi amma shi ma sai kana bin sa da goga da banish duk shekara, ni kuma ba ni da wannan lokacin.

Shi wannan katakon garin itace ne aka kwaɓa da roba irin wadda ake yin jarka da ita, garin itacen ya fi rabi, a narkar a turo shi ta inji ya fito dogo. A Amurka kamfanin Trex ne ya yi suna da shi tun shekarun 1990, amma wanda muka saya a nan na Chana ne, ta tashar jirgin ruwa ta Tema ya shigo. Akwai mai rami a ciki akwai cikakke mai nauyi, sannan akwai wanda aka sa wa rigar roba ta waje akwai tsirara. Mu mai rami muka ɗauka mai riga, faɗinsa santimita 14, kauri 2.5, tsawo mita 2.9. Dan Allah in za ka saya ka tambayi maganar rigar nan, don a ido kusan ɗaya suke amma a wajen tabo da kodewa bambancin ba kaɗan ba ne.

Masu ɗorawa daga Ankara (Accra) suka zo, shugabansu wani yaro ne ɗan unguwar Nima, Hausa muka yi da shi daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya shi ya sa aikin ya yi kyau. Na ce a yi ƙashin ƙasa da katako don a rage kuɗi, ya ce "Yaya, in ka ɗora wanda gara ba ta ci a kan wanda gara ke ci, me ka yi ke nan?" Ƙarfe suka sa mai galba, walda aka yi aka shafe wuraren waldar da fentin hana tsatsa, tsakanin ƙarfe da ƙarfe santimita 35, ya ce kar ya wuce 40 ko da wasa don wannan katakon ba shi da ƙarfin odum, in tazarar ta yi yawa zai lotsa a tsakiya in rana ta gasa shi. Ba a buga masa ƙusa ta sama, wasu 'yan kilif ne ke shiga tsagin gefensa a ɗaure su da sukuru wanda ba ya tsatsa, shi ya sa in ka duba saman ba ka ganin kan ƙusa ko ɗaya, ba abin da zai kama zanen mace ko ya yanki ƙafar yaro.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ratar da ya bari a bakin kowane katako, wajen milimita 5, har da jikin bango bai bar shi ya taɓa ba. Katakon itace a faɗi yake kumbura in ya sha ruwa, wannan kuwa a tsawo yake miƙewa in ya sha zafi, kuma na gani da idona, da asuba ratar a buɗe take, da azahar ta kusa haɗewa. Wani maƙwabcinmu ya sayi irinsa ya ba kafintan unguwa, mutumin kirki ne kuma gwani a aikin ƙofa da silin, amma bai san halin kayan ba, ya matse su gam ya bi da ƙusa, zafi na zuwa katakon ya rasa inda zai je ya yi doro a tsakiya, wasu suka tsage a bakin ƙusar. Kuɗi mai yawa ya tafi a banza, abin ya ba ni tausayi sosai.

Toh yanzu maganar rana, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Mai shagon da na tambaye shi cewa ya yi ba ya ɗaukar zafi, wai an yi shi ne don ƙasashen rana. Ba haka ba ne. Kayan yana jure rana, ma'ana ba ya lalacewa, amma zafi kam yana ɗauka fiye da katakon itace, don roba ce a jikinsa. A Fabrairu da Maris da zafin Kumasi ke kai digiri 33 zuwa 35, baƙi ko mai ruwan ƙasa mai duhu yana iya haura digiri 60 a samansa. Namu ruwan toka ne mai haske, yaron Nima ne ya ba da shawarar hakan, Allah ya saka masa, amma duk da haka ɓangaren da rufin gida bai kai ba daga sha biyu zuwa la'asar ba ya takuwa, kamar ka taka kaskon masa. Hajiya ta yi alwalar azahar ta fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa, taku biyu ta yi ta koma da baya tana salati, ta ce min "Kai ɗan nan, wannan wuta ka shimfiɗa min?" Ɗan ƙanwata mai rarrafe kuwa sai da aka riƙa tsare shi, kuma wannan ba abin wasa ba ne, fatar jariri ba ta jure irin wannan. Ko darduma ka shimfiɗa in siririya ce za ka ji shi a goshi in ka yi sujada.

Ɓangaren da ke inuwa kuma duniya ce daban, sanyi ƙalau ko da tsakar rana. Sai muka ƙara rumfar kwano ta rufe sauran, tun daga nan magana ta ƙare. Kuma in faɗi alherinsa, rana na faɗuwa yake hucewa, ba ya riƙe zafi har dare yadda siminti ke yi, in an ɗauke wuta da dare nan duk gidan ke fitowa da tabarmi a kwanta, iska na bi ta ƙasa.

Maganar da ake yi cewa ba ya buƙatar kula, gaskiya ce amma da gyara. Ba fenti ba banish ba maganin gara, wannan duk haka ne. Amma shara dole, da hunturu ƙura na cika 'yan tsagin samansa, sai ka bi da tsintsiya ta tsawon tsagin, lokaci-lokaci a wanke da omo da buroshi mai laushi. Can gefen tankin ruwa na Polytank inda ba ya ganin rana kuma kullum a jiƙe, ya fara yin kore, wanki ɗaya ya fita. Manja ya zube a kai mun goge nan take bai bar komai ba saboda rigar nan, amma inda aka yanke baki babu riga ya sha, tabon na nan har yau. Babban maƙiyinsa wuta. Wata rana an ɗora kurfoti a kai ana dama koko, garwashi ɗaya ƙarami ya faɗo, kafin a ɗauke ya narka rami baƙi, kuma wannan ba katakon da za ka kankare ba ne ya koma, sai dai a cire guda a sa sabo. Yanzu girki ya koma kan siminti, haka ranar layya ba a sara nama a kai. Kujerar ƙarfe ma in ana jan ta tana zana shi, mun sa wa ƙafafunta roba. Launi ya ɗan sauka a watannin farko sannan ya tsaya.

Wani abu da ba wanda ya gaya mana, ratar tsakanin katako tana haɗiye ƙananan kaya, ɗan kunne, kwabbai, ranar da carbin Hajiya ya tsinke rabin 'ya'yan can suka tafi. Ka ce su bar maka katako ɗaya a gefe da za a iya kwancewa, kuma a rufe kewayen da raga don iska ta shiga amma ɓera da kunama kar su samu gida.

Kuɗi kam ya ci, ya fi tayil nesa ba kusa ba in ka haɗa ƙarfe da walda da kilif da kuɗin aiki, kuma farashinsa dala yake bi, abin da aka faɗa maka a sidi wannan watan ba lallai ka same shi wata mai zuwa ba. Ka sayi ƙarin guda biyu ko uku ka ajiye a kwance a inuwa, don kwantenar gaba ba dole launinta ya zo daidai da naka ba. Garanti kuma, manyan kamfanonin Amurka kan rubuta shekara 25 ko fiye, amma kai ka tambayi mai shagon wa zai ɗauki nauyi in ya tsage, ya rubuta maka a rasit. Inda shagon ya ɓata min rai shi ne marufin gefe, an karɓi kuɗinsa tare da sauran kaya amma bai zo ba, bakin ramukan ya zauna a buɗe har zanzaro ya fara gini a ciki, na yi ta kira ana cewa gobe, sai da yaron nan ya sa baki sannan aka aiko. Guntayen da suka rage ma nan suka bar mana, kuma ku ja kunnen mutanen gida kar a sa su a murhu, hayaƙin roba ne ba itace ba.

Wanda ke da gangare ko danshi ko gara ta addabe shi, kuma yana da inuwa ko zai iya yin rumfa, ni dai ina ce masa ya saya. Wanda tsakar gidansa nan ake girki nan ake daka nan ake wanki, ya bar kuɗinsa ya yi siminti mai kyau. Kuma kafin ka biya ko sidi ɗaya ka roƙi mai shagon guntu biyu, mai duhu da mai haske, ka kai gida ka ajiye su daidai inda za a shimfiɗa, ƙarfe ɗaya na rana ka cire takalmi ka tsaya a kan kowanne, ka kira maman yara ita ma ta taka, sannan ku yanke shawara.