Kifin Fiumicino: taliyar ta burge ni, sikelin ya ɓata min rai

Duk wanda jirgi ya ajiye a babban filin jirgin saman Roma kuma yana da 'yan sa'o'i a hannu, za a ce masa ya leƙa garin Fiumicino ya ci kifi. Shawarar ba ta da aibu. Garin yana bakin teku, daidai inda wani reshe na kogin Tiber yake faɗawa Bahar Rum, kuma tasi daga filin jirgin ba ya wuce minti goma sha biyar. Jirgin ƙasa ba ya shiga cikin garin, sai tasi ko bas. Gidajen abincin sun yi jere a titin Via della Torre Clementina, ƙofofinsu na kallon mashigin ruwan da masunta ke ɗaure jiragensu. Sai dai ina roƙon mai karatu abu guda: kada ka yarda a shiga da kifi kicin ba ka ga nauyinsa a kan sikeli da idonka ba. Abin da ya same ni ke nan a ɗaya daga cikin gidajen da ke wannan layi, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

A waɗannan gidaje, kifi sukutum ba a sayar da shi da faranti. Ana sayar da shi da etto, wato giram 100. A takardar jerin abinci za ka ga an rubuta pescato del giorno, kamun ranar, a gefe kuma an sa ɗan ƙaramin kuɗi, sai a biyo shi da all'etto ko haruffa biyu, hg, cikin ƙananan baƙi. Baƙo sai ya ɗauka kuɗin kifin ke nan gaba ɗaya. Ni na san da wannan, don haka ba a nan aka kama ni ba. An rubuta Yuro 8 kowane etto. Mai kawo abinci ya zo da tire, ya nuna mini spigola, kifin teku mai farin nama da launin azurfa. Idonsa garau, matsefin kuncinsa ja jawur, jikinsa da ƙarfi idan an danna. Na tambayi nauyi, ya ɗaga shi a hannu ya ce kamar giram 800 ne, ya ishi mutum biyu. Lissafi mai sauƙi: Yuro 64. Da takardar kuɗi ta zo, an rubuta kilo 1 da giram 400, Yuro 112. Bambancin Yuro 48 ke nan a kan kifi ɗaya, ban da dankalin turawan da aka gasa tare da shi, wanda aka caje daban.

Wannan ba kuskuren ido ba ne, kuma duk wanda ya saba da kifi zai gane dalili. Na farko, girma. Spigola mai giram 800 tsawonsa bai fi santimita 40 da 'yan kai ba, mai kilo ɗaya da rabi kuwa yana kai wa kusan 50, ga kauri a gadon baya. Mutumin da aikinsa ke nan kullum ba zai rikita su ba. Na biyu, naman da ake samu. Idan aka cire kai, ƙaya, fata da kayan ciki, abin da ke saura bai wuce rabin nauyin kifi ba. Kifi mai kilo 1 da giram 400 ya kamata ya ba da nama wajen giram 650, wanda zai ciyar da mutum uku har su ƙoshi. Abin da aka zuba a faranti biyu bai fi giram 200 kowanne ba, daidai abin da kifi mai giram 800 zuwa 900 yake bayarwa. Na uku, lokacin gashi. A tanderu mai zafin digiri 200, kifi mai giram 800 yana nuna cikin minti 25 zuwa 30, babba kuwa sai ya yi 40 ko fiye, in ba haka ba naman da ke manne da ƙayar baya zai fito da jini-jini. Wannan ya fito cikin ƙasa da rabin sa'a, kuma ya nuna sarai har ciki. Ta kowace fuska aka duba, kifin da na ci ba shi aka rubuta a takarda ba.

Da na yi magana, amsar da aka ba ni ita ce a kicin aka auna, kifin kuma an riga an cinye. Gaskiya ne, hujja ta tafi ciki, kuma a kan haka suka dogara. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne hanyar ba da haƙuri: aka kawo ɗan kofin limoncello kyauta, giyar lemun tsami, ga mutumin da tun zamansa ya ce ba ya shan giya kuma kada a sa masa ita a girki. Kuɗin burodi kawai aka cire.

Da zan tsaya a nan, sai a ce gidan ba shi da wani abin kirki, kuma hakan zalunci ne, domin mai dafa abincinsu ya iya aikinsa. Taliyar da ya yi da telline tana cikin mafi daɗin abin da ake ci a wannan gaɓar. Telline wasu ƙananan halittun ruwa ne masu ɓawo biyu irin na ƙumba, girmansu bai fi farcen babban yatsa ba, ana tono su da manjagara daga yashin bakin teku daga Passoscuro, arewa da Fiumicino, har zuwa garin Anzio a kudu. Matsalarsu ɗaya ce, yashi. Dole a jiƙa su a ruwan gishiri, kamar giram 35 a lita ɗaya, na sa'o'i biyu ko fiye, ana sauya ruwan, sannan bayan sun buɗe a wuta a tace romonsu da ƙyalle mai laushi. Gidan da ya yi ganganci, cokali na farko za ka ji ƙaras a haƙori, daga nan abincin ya tashi daga aiki. A nan ko ƙwayar yashi ɗaya ban ji ba. An soya tafarnuwa a man zaitun ba tare da ta ƙone ba, da ɗan barkono da faski. An tsame taliyar saura minti biyu ta nuna, aka ƙarasa ta cikin romon, shi ya sa miyar ta yi kauri ta manne a jikinta maimakon ta kwanta a gindin faranti. Ba kirim, ba cuku. Wanda ya saba da taliyar da ta yi laushi tuɓus zai ce wannan ba ta dahu ba. Haka suke cin ta, da ɗan tauri a tsakiya, kuma idan kana son taka ta fi laushi sai ka faɗa tun wajen oda, ka ce ben cotta.

Soyayyen ƙananan kifi, frittura di paranza, shi ma babu laifi. An buɗa shi da gari kawai, an soya a mai mai zafi sosai, ya fito ƙarau, takardar da ke ƙarƙashinsa ba ta jiƙe da mai ba. Calamari ɗin da ke ciki, wata halittar teku mai hannaye da yawa da ake yankawa zobe-zobe, yana da alamar tauraro a takardar abinci, wadda ke nufin daga firiza ya fito. Wannan ba yaudara ba ce, sun bayyana. Gidan da ya kamata a yi wa shakku shi ne wanda ke da kaya iri talatin kuma babu tauraro ko ɗaya.

Batun giya da alade yana bukatar a tsaya a kansa, domin mutum zai ɗauka tun da gidan kifi ne ya tsira. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, don haka jatan lande, kaguwa da su telline ba su ne abin damuwa ba. Abin da ake zubawa a kansu ne. Yawancin masu girki suna watsa farar giya a kaskon vongole da cozze, su ma masu ɓawo biyu ne irin telline, kafin su rufe. Shinkafar nan mai ruwan hoda, risotto alla crema di scampi, wadda mutanen Roma ke ji da ita, galibi da barasar brandy ake ƙona kawunan jatan landen, kuma tun safe ake haɗa miyar, don haka ba a iya cire ta a kan oda. Ƙullun da ake tsoma furen kabewa ko kifin baccalà, wanda ake adanawa da gishiri, kafin a soya wani lokaci da giyar sha'ir ake dama shi. Duk abincin da sunansa ya ƙunshi carbonara, amatriciana ko gricia, ko da an ƙara masa di mare, wato na teku, a tambaya, saboda asalinsu da guanciale ake yi, kumatun alade ne da aka busar da gishiri. A kayan zaƙi, babà a jiƙe yake da barasa, tiramisù wasu na sa masa giyar Marsala, sorbetto na lemun tsami kan zo da vodka a ciki, panna cotta kuma da jelatin ake daskarar da ita, wanda mafi yawansa daga alade ake samu. Kalmomi biyu sun isa: senza vino, senza maiale, babu giya, babu alade. A nan kam na yaba wa kicin ɗin. Mai dafa abincin ya aiko a gaya mini cewa risotto ba zai yiwu ba, amma telline zai yi min a kasko daban da romonsu kawai, kuma haka ya yi.

To amma wannan ɗin ne ma ya sa abin ya fi zafi. Gidan da ya iya kiyaye amanar abin da ba zan taɓa ganewa ba da sun ɓoye, me zai sa ya kasa kiyaye ta a kan sikeli? Sai na koma ina duba sauran takardar da wani ido. Ruwan kwalba biyu aka rubuta, alhali na biyun ba a tambaye ni ba aka buɗe. Burodin da suka yi alfaharin cirewa, ban nema ba tun farko. Dokar yankin Lazio, inda Roma da Fiumicino suke, tun 2006 ta hana cajin coperto, kuɗin zama a tebur da ake karɓa a wasu sassan Italiya, amma gidaje da yawa sun sauya masa suna zuwa kuɗin burodi ko servizio, wato kuɗin hidima. Idan ba ka so, ka mayar da kwandon tun kafin ka taɓa shi. Kuma sai da na nemi takarda mai bayani dalla-dalla kafin a kawo, da farko jimla kawai aka rubuto a 'yar takarda.

Ranar da za ka je ma tana da tasiri fiye da sunan gidan. Jiragen da ke jan taru ba sa fita Asabar da Lahadi. A ranakun aiki suna dawowa da yamma, wajen la'asar, a sauke akwatuna a kai gwanjo, masu gidajen abinci su saya. Ma'ana, kifin da ya fi kowanne sabunta ana cin sa ne da dare daga Litinin zuwa Juma'a. Abincin rana na Litinin shi ne mafi rauni, domin abin da ke kan ƙanƙara ko dai na Juma'a ne ko an kawo shi daga wani wuri. Lahadi da rana kuwa mutanen Roma ne ke cika garin, ba wurin ajiye mota, ba tebur sai wanda ya yi waya tun kafin ranar, ma'aikata kuma a guje suke, lokacin da irin wannan "kuskuren" awo ya fi sauƙin wucewa. Akwai kuma makonnin da ake dakatar da jan taru kowace shekara, galibi da kaka, don kifi ya hayayyafa. A lokacin, duk wanda ya ce maka komai na tirensa daga jirgin gaban ƙofa ya fito, ka ƙara tambaya. Kicin na buɗewa wajen 12:30 zuwa 3:00 na rana, sannan daga 7:30 na dare. Tsakanin nan sai dai ka sami soyayyen kifi a takarda.

Shin zan koma Fiumicino? Zan koma, saboda telline kaɗai ma sun isa dalili. Wannan gidan ne ban ga abin da zai mayar da ni ba, ko da yake ina jin takaicin rasa mai girkinsu. Ga wanda zai ci kifi sukutum a ko'ina a layin, ga yadda ake yi. Ka tambaya ko na teku ne ko na kiwo, pescato ko allevamento, domin na kiwo yawanci giram 300 zuwa 600 ne, duk girmansu ɗaya, kuma bai kamata a sayar da shi a farashin na teku ba. Ka zaɓi kifinka a tire, ka ce a auna shi ɗanye a gabanka ko a kawo 'yar takardar da sikelin ya buga. Ka ninka da kuɗin etto da bakinka, ma'aikacin ya amsa, ka sa ya rubuta adadin a takardar oda. Ka tambaya ko dankali da tumatir suna cikin kuɗin. Mutum ɗaya giram 350 zuwa 400 na ɗanyen kifi ya ishe shi, musamman in ya riga ya ci taliya, don haka idan ku biyu ne aka kawo muku mai kilo ɗaya da rabi, ku ce a sauya. A ce kuma a kawo shi tebur da kansa da jelarsa a ɓare shi a gabanku. Nawa a kicin aka ɓare shi, ban sake ganin kan ba balle in gwada tsawonsa.