Darussan Gidan Tarihin Holokos na Washinton a Ajin Sakandare a Kano

A zangon karatun da ya gabata na yi amfani da darussan da gidan tarihin Holokos na birnin Washinton, wanda aka buɗe a 1993, yake bayarwa kyauta ta intanet, domin koyar da ɗaliban babbar sakandare a unguwar Gwale. Holokos shi ne kisan kiyashin da gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya fi amfani shi ne katunan shaida masu ɗauke da hoto da tarihin mutum guda daga cikin waɗanda 'yan Nazi suka zalunta. Na buga su a shagon kwamfuta na raba wa ɗalibai. Adadin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe bai girgiza su ba sai da wata yarinya ta karanta katin wata sa'arta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan ma an kashe ta?" Ajin ya yi tsit.

Na yaba yadda darussan suke bin lamarin daki-daki, tun daga dokokin Nuremba na 1935 da suka ƙwace wa Yahudawa haƙƙin ɗan ƙasa, zuwa ƙona majami'unsu a Nuwamban 1938, har sojojin Sobiyet suka isa sansanin kisa na Aushwiz ranar 27 ga Janairun 1945. Wannan ya ba ni damar kawo misalin kisan kiyashin Ruwanda a 1994, inda rediyo ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai.

Dole malami ya fassara kalmomi da yawa da kansa, kuma bidiyon suna cin data sosai, saboda haka na sauke su tun daga gida.