Manhajar da Aka Rubuta wa Ɗakin Karatunmu na Agege

Shekara guda ke nan muna amfani da 'yar manhajar da wani matashin injiniyan kwamfuta ya rubuta wa ɗakin karatun Islamiyyarmu a Agege, kuma na gamsu da ita. Aikinta shi ne ɗebo bayanan littattafai daga Excel ta mayar da su tsarin MARC 21, wato tsarin rubuta bayanan littattafai da ɗakunan karatu ke amfani da shi, yadda Koha, manhajar kula da ɗakin karatu, za ta karɓe su.

Sauƙinta ne ya fi burge ni. Da Python, wani yaren rubuta manhaja, ya rubuta ta, layukanta ba su kai 100 ba, kuma a saman kowane sashe ya ajiye bayanin aikinsa. Ranar da haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ, ɗ da ɓ, suka rikiɗe zuwa alamar tambaya, ni da ban karanci ilimin kwamfuta ba na bi bayanin, na gano layin da ke buƙatar UTF-8, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta gane irin waɗannan haruffa, na gyara da hannuna. Ya kuma ɗora ta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji, har takwarorinmu na Idi-Araba sun kwafa kyauta.

Inda ya gaza shi ne bayanan da ya ajiye a saman sassan duka da Turanci suke, sannan littattafan ajami har yanzu ɗaya bayan ɗaya muke shigar da su.