Wata uku ina sayen kayan miya da kayan marmari a shagon nan na oganik, ga abin da na gani

Mu huɗu ne a gida, ni da maigida da yara biyu, kuma da can al'adarmu ita ce duk ƙarshen wata maigida ya shiga kasuwar Yankaba ya lodo mana tumatir rabin kwando da attaruhu da tattasai da albasa, don gaskiya ta fannin araha ba a haɗa sari da sayen kashi. Matsalar ita ce wuta. Sai na markaɗa na tafasa na zuba a robobi na jera a firji, a ɗauke wuta kwana biyu cikin zafin Kano, in buɗe in tarar ya yi tsami har murfin ya kumbura. Wallahi ba abin da ke ƙona min rai irin in kinkimi abinci in zubar a wannan zamani.

A watan Maris wata ƙawata ta nuna min wani ɗan ƙaramin shago a bakin titin unguwarmu, wani matashi ne da ƙanwarsa suke riƙe da shi, sun rubuta oganik a jikin ƙofa, wato kayan da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi. Gonar mahaifinsu tana wajen Kura inda ake noman rani da ruwan dam ɗin Tiga, daga can ake kawo musu kaya da sassafe. Abin da ya fara jan hankalina ba ma rubutun ba ne, yadda suke kasa kayan ne. Akwai ƙaramin kashi na miyar kwana ɗaya, akwai na kwana uku, in kina son rabin kabeji za a yanka miki, kankana ma haka, kabewa ma haka, karas guda uku kawai kike so ba mai haɗe miki rai. Suna da sikeli a kan tebur kina gani ana aunawa. Ni da nake girkin mutum huɗu wannan shi ne daidai da ni, abin da na saya shi zan dafa, ba saura ba asara.

Ranar da na koma karo na biyu na tsare matashin da tambaya, na ce Malam don Allah wannan oganik ɗin gaskiya ne ko kuwa suna ne kawai na ƙara kuɗi? Ya ce Hajiya zauna in faɗa miki. Alayyahu da zogale da salak da yakuwa da tumatir na gonarsu ne, takin kashin kaji da na awaki suke sawa, ba sa zuba na buhu, ƙwari kuma da jiƙon ganyen darbejiya suke korarsu. Amma ya ce in tsutsar nan ta sharon ta shigo tumatir, irin wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari talaka, to dole su yi feshin magani ko su rasa komai, kuma duk makon da aka yi zai sanar. Karas da kabeji da dankalin turawa daga Jos suke zuwa, bai san yadda aka noma su ba don haka ba zai kira su oganik ba. Lemo da ayaba da abarba kuwa a 'Yan Lemo ta Na'ibawa yake sarowa kamar kowa. Wannan maganar ita ta riƙe ni, domin da ya ce min duk shagon oganik ne ba ni da hanyar ganewa.

Ganye ne na fi damuwa da shi musamman salak da ake ci ɗanye, duk wanda ya taɓa wucewa ta lambunan bakin kogin Jakara ya ga irin gurɓataccen ruwan da ake ban ruwa da shi ya san me nake nufi. Nasu ina wankewa da gishiri kamar kullum amma hankalina a kwance yake.

Sai maganar ayaba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan masu nunar da kayan marmari da sinadarin kabaid, kuma kowa ya taɓa cin karo da irin wannan ayabar, ɓawo rawaya shar amma ki ɓare ki ji salam ba zaƙi ba ƙamshi, washegari ta yi baƙi. Shi mai shagon ɗanya yake sayowa ya bar ta ta nuna da kanta, sai ya haɗa min wadda ta nuna da wadda ta fara juyawa da ɗanya, muna ci tana nuna har mako ya zagayo. Mangwaro binta siga da muka sha a watan Afrilu yarana har yau suna maganarsa. Gwandarsu ma ba laifi.

To amma akwai inda ban ji daɗi ba. Kuɗinsu ya fi na mai tebur na bakin layi, kuma ba sa gyara sam, abin da sikeli ya nuna shi ke nan, ni kuwa na saba ko attaruhu biyu a jefa min a leda. Tumatirin ƙanana ne ba su da sheƙi, alayyahun wani lokaci da ɓula-ɓula na cin ƙwari, sai da maigida ya ɗanɗana miyar sannan ya daina ƙorafi. Tuffa kada ma ki tambaya, daga ƙasar waje take zuwa kuma tsadarta a wurinsu ta wuce misali, na daina saya. In kika wuce azahar ganye ya ƙare. Sau ɗaya na yi oda ta WhatsApp ranar Juma'a na tura kuɗi tun ƙarfe tara, mai kawo saƙon bai iso ba sai bayan la'asar, salak ɗin duk ya yi yaushi, raina ya ɓaci sosai don baƙi nake jira. Ƙanwar ta kira ta ba da haƙuri washegari ta aiko da wani, amma tun ranar da ƙafata nake zuwa.

In biki ne ko suna ko hidimar azumi ta gida mai yawa, gaskiya Yankaba za ki nufa, nan ba zai ɗauke ki ba. Yanzu da damina ta sauka tumatirin gonarsu ya yanke, ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa wanda ke kan tebur na kasuwa ne, sai na koma miyar kuɓewa ɗanya da rama da zogale waɗanda suke da su a wadace, tumatir kuma ƙaramin kashi nake ɗauka ranar da zan yi jalof.