Perisait bayan shanyewar ɓarin jiki: ɓarna suke ko gyara?

Toh 'yar uwa, kin ce wani wuri kin ga an ce perisait ne ke ƙara lalata ƙwaƙwalwa bayan gudan jini ya toshe jijiya, wani wuri kuma an ce su ke gyara, wanne za ki kama. Duka biyun haka ne, lokaci ne ya raba su.

Perisait ƙwayoyin halitta ne da ke nannaɗe da ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ƙwayar jini ma sai ta lanƙwashe take wucewa ta ciki. A awannin farko, da iskar oksijin ta yanke sai perisait ɗin su matse jijiyar gam, kuma matsalar ita ce ko likita ya narkar da gudan jinin da allurar alteplase, wadda ake so a ba mutum cikin awa 4 da rabi, ƙananan hanyoyin can ƙasa suna iya zama a shaƙe, jini ya iso bakin ƙofa ya kasa shiga. Ƙungiyar Turgay Dalkara a jami'ar Hacettepe ta Ankara ta nuna haka a ɓeraye a 2009, sai ta David Attwell a Landan a 2014 ta ƙara da cewa da yawan perisait ɗin mutuwa suke a matsen nan, su sandare kamar gawa, ba mai sakewa. Wasu kuma su saki jijiyar su bar ta, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya fara yoyo, kumburi ya biyo.

Bayan kwanaki zuwa makonni kuwa labari ya juya. Perisait ɗin da suka tsira suna yawaita a gefen ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu, sabbin jijiyoyi na tsirowa su kuma su bi su rungume su don kar su yi yoyo, suna kuma cikin masu haɗa tabon da ke killace raunin. Amma tabon nan in ya yi kauri yana iya tare wa zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa hanyar sake tsirowa.

A ganina ɓangaren matsewar ya fi samun hujja mai ƙarfi, batun wai perisait na rikiɗa su zama sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kam masana na ta jayayya a kai, kar ki ɗauke shi da zafi. Kuma mafi yawan aikin nan a ɓeraye aka yi, shi ya sa a asibiti abin da ake yi har yanzu buɗe jijiya da gaggawa ne sai gashin ƙashi daga baya.